Gurbin kwanan wata a shafin borin jini: ɗaya zan bari ko in raba uku?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ranar Alhamis zan miƙa aikin. Muna sake gina shafin da ake rubuta abubuwan da jikin marar lafiya ba ya ɗauka, wato borin jini, a manhajar kundin marasa lafiya. Tsohon shafin gurbi ɗaya gare shi, an rubuta masa "kwanan wata" kawai, kuma dole a cike shi kafin a adana. Da na leƙa rumbun bayanan sai na tarar kowa da fahimtarsa: wani ranar da borin ya tashi ya saka, wani ranar da ya zauna yana rubutawa, wani kuma 01/01/1900 don dai kwamfuta ta ƙyale shi ya wuce. Shugabana na so a bar gurbi ɗaya a ƙara masa awa da minti. Ni ina ganin a raba uku: lokacin da abin ya fara, lokacin da ya faru na ƙarshe, da ranar da aka shigar. Tambayata biyu ce. In mutum ya ce "tun ina yaro ne", me ma'aikaci zai cike? Tsofaffin bayanan kuma, a wane gurbi zan zuba su?

Mai Rumbu: Wa'alaikumus salam. Ajiye komai a agogon UTC, agogon bai ɗaya na duniya, ka nuna wa kowa da agogon inda yake. An gama.

Ɗan Koyo: Na gode Malam, amma ba agogo ne damuwata ba. Mutumin ko shekarar bai sani ba.

Sarkin Raha: Kai, marasa lafiyarku akwai tsawon rai, tun 1900 suke bori kuma har yau suna zuwa ganin likita. Namu yara ne, duk a 1 ga Janairun 1970 suka fara, ranar da agogon kwamfutoci da yawa ke fara ƙirga.

Malam Ƙa'ida: Ɗan Koyo, wannan hanya an riga an share ta. Duba yadda ƙungiyar HL7 ta tsara a FHIR, ƙa'idarsu ta musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji. Gurbin farawa yana karɓar kwanan wata, ko shekarun mutum a lokacin, ko tsakanin kaza da kaza, ko ma rubutu zalla irin "tun yarinta". Ranar shigarwa gurbinta daban, faruwar ƙarshe daban, sannan kowane bori da aka rubuta yana da nasa lokacin. Kwanan watan ma ba dole ya cika ba: 1998 kaɗai ya halatta, 1998-06 ma haka, bisa jerin ISO 8601, ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata: shekara, wata, rana. Sai dai in ka saka awa, to dole ka haɗa da bambancin agogon yankin. Su kansu sun sauya wa gurbin ranar shigarwa suna tsakanin fitowar FHIR ta uku da ta huɗu, ka ga ba kai kaɗai sunan gurbi ya ba wahala ba. A openEHR ma, wata ƙa'idar ta kundin marasa lafiya, kwanan wata marar cika yana shiga.

Anti Nas: Ɗana, tambayarka ta biyu ce ta hana ni wucewa. Don Allah kada ka zuba tsofaffin ranakun nan a gurbin farawa. A kan mahaifina na ga abin da hakan ke yi.

Yana yaro aka yi masa allurar fenisilin, ƙuraje suka feso masa, shi ke nan abin da ya sani, shi ma daga bakin mahaifiyarsa ya ji. Sama da shekara hamsin kenan. Asibitin da yake zuwa suka sauya manhaja, wajen kwashe bayanai duk inda babu kwanan wata sai aka cusa ranar da aka yi kwashewar. Bayan wata takwas ciwon huhu ya kwantar da shi. Likitan dare ya buɗe kundi, ya ga fenisilin, ya ga bori wata takwas da suka wuce. Wa zai yi kasada? Ni ma da ni ce ba zan yi ba. Aka kauce wa dangin maganin gaba ɗaya aka ba shi wani mai faɗi. Huhu ya lafa, sai gudawa ta kama shi, irin wadda ke biyo bayan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ƙi tsayawa. Kwanciyar da muka zata ta kwana biyar sai da ta kai mako uku. Dattijon da ya shiga da ƙafarsa, a keke muka fito da shi.

Abin da ya fi ci mini rai, ina wurin. Na ce wa likitan tun yana yaro ne. Ya juyo da allon ya nuna mini, ya ce Sista ga abin da ke rubuce. Maganar 'yar marar lafiyar ta cikinsa ba ta kai nauyin lambobin da na'ura ta ƙirƙira ba. Daga baya aka gwada shi a gaban likita, ya sha amoksisilin, ɗan dangin fenisilin, lafiya lau. Na bi ofis ofis a gyara ranar, masu kwamfuta suka ce likita ne zai gyara, likitoci suka ce gurbin a kulle yake. Har yau ban ji wanda ya ce laifinsa ne ba.

Ummu Khairi: Subhanallah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Anti.

Sarkin Raha: Amin. Na janye wasan 1900, ashe abin ba na dariya ba ne.

Likitan Yara: Allah ya ba shi lafiya. Abin da Anti ta faɗa shi ne dalilin da ya sa muke son shekarar, ko da kintace ce. Wajen mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da tambarin borin fenisilin, amma in aka gwada, mafi yawansu ba su da shi. Masu na gasken ma, kusan 80 cikin 100 jikinsu na daina yi bayan shekara 10. Akwai ma'aunin haɗarin borin fenisilin mai suna PEN-FAST da ya fito a 2020, a cikinsa in borin bai wuce shekara biyar ba maki biyu ne, ƙasa da maki uku kuma shi ne haɗari kaɗan. Kun ga ranar ƙarya ita kaɗai ta cinye biyu. Amma Ɗan Koyo, akwai abin da ba ka lissafa ba, kuma ya fi mini ranar kalanda amfani: tazarar da ke tsakanin shan magani da tashin bori. Wanda ya kumbura numfashi ya sarƙe cikin awa ɗaya daban, wanda fata ta fara saɓulewa bayan mako biyu daban. Na biyun nan ba a sake gwada masa maganin, ko shekara nawa ta wuce.

Mai Rumbu: To ai maganata ce, a saka awa da minti.

Malam Ƙa'ida: A'a Malam. Awa da minti na borin da ya faru a gaban ma'aikaci ne. Wanda ka tilasta wa awa a kan labarin 1998 zai saka 00:00, kai kuma ka juya zuwa UTC, in yankin yana gaba da UTC sai ranar ta koma jiya. In 1 ga Janairu ce, shekarar ma ta sauya. Na taɓa kwana biyu ina farautar wannan.

Likitan Yara: In a gabanmu ya faru kam ina son mintin. Jinin gwajin tiriftes, wanda ke taimakawa a tabbatar da bori mai tsanani, ana so a ɗiba cikin awa ɗaya zuwa biyu da farawa, kada ya wuce huɗu. Ba lokacin farawa, sakamakon ba ya karantuwa.

Ɗan Koyo: To raba gurbin da gyara tsofaffin zai ɗauki kamar yaushe? Shi za a fara tambayata.

Mai Rumbu: Kwana biyu. Ginshiƙi uku ne za ka ƙara a tebur.

Hajiya Kundi: Kwana biyu? Mu wata huɗu muka yi ba mu gama ba. Rabin bayananmu daga Excel suka zo, wasu rana kafin wata, wasu wata kafin rana irin na Amurka. 03/04 Maris ne ko Afrilu? Sai da muka koma fayil ɗin takarda ɗaya bayan ɗaya.

Ummu Khairi: Mu kamfanin da ya sayar mana da manhajar cewa ya yi sabon aiki ne, sai an sake biya. Wata ƙawata kuma manhaja iri ɗaya, aka yi musu cikin kwangilar gyara ba ko sisi.

Mai Rumbu: Hajiya, ke tsaftace bayanai kike magana, ni gina gurbi. Kuma da girmamawa, tsarin rumbu ba aikin likita ko nas ba ne. Kowa aka tambaya sai ya ƙara gurbi, a ƙarshe shafin ya zama takardar jarrabawa, ba mai cikewa.

Anti Nas: Masu cewa ba aikinmu ba ne su suka cusa wa mahaifina ranar. Ka taɓa tsayawa kan marar lafiya ƙarfe uku na dare allo na ce maka sai ka cike?

Mai Rumbu: Ban ce a cusa ƙarya ba, Anti. Amma maganar yawan gurbi gaskiya ce, ki tambayi masu cikewa.

Hajiya Kundi: Mu masu cikewar ba a taɓa kiranmu taro ba ai. Sai an gama a kawo mana horon awa ɗaya.

Mai Harhaɗa Magani: Ni duk ba wannan ba. Ku fara gyara abin da ake kira bori tukuna. Mutum ya sha magani cikinsa ya murɗa, ko ya ji tashin zuciya, an rubuta bori. Daga ranar duk takardar da ta zo sai jan gargaɗi ya fito mini. A yini ina rufe su ba adadi, har hannu ya saba, kuma tsorona ranar da na gasken zai fito in rufe shi tare da sauran.

Likitan Yara: Wannan ciwon kowa ne. Kuma ko an gwada an tabbatar babu, goge tambarin ba ya magani, marar lafiya na dawowa wani ya sake shigarwa.

Malam Ƙa'ida: Shi ya sa ba a gogewa. A FHIR akwai matsayin "an ƙaryata", a bar shi a wurin da ranar gwajin.

Mai Harhaɗa Magani: Manhajarmu ko an sa "an ƙaryata" gargaɗin bai fasa fitowa. Na kai ƙorafi sau uku.

Ɗan Koyo: Jama'a, tsofaffin ranakun fa? In zuba su a ranar shigarwa in bar farawa fayau, ko in ware musu wani gurbi?

Hajiya Kundi: Mai Harhaɗa Magani, taku ma tana fito da gargaɗi a kan maganin da mutum ya shekara uku yana sha lafiya? Tamu kullum sai ta yi, kuma sai ka zaɓi dalili kafin ta rufe.