Wace igiya ta dace da jan ƙaramin kwale-kwale a bayan jirgin shaƙatawa?

Tambaya: Jama'a, kwale-kwalen roba ne mai tsawon mita 3. Igiyar nailan za ta yi?

Amsa ta 1: Malam, bar nailan. Nutsewa take yi, da ka ja jirgi baya sai ta naɗe a farfela, inji ya mutu. Nemi igiyar roba da ake kira folifirofilin mai kaurin milimita 10 zuwa 12, ita a saman ruwa take zama. Aibinta rana: in ta fara gashi-gashi tana barin gari a hannu, ta tashi aiki, canza ta.

Amsa ta 2: Kada ka ɗaura a zobe ɗaya cikin zobban da aka manna a jikin kwale-kwalen, fizga ɗaya mai ƙarfi sai manne ya ɓalle. Raba nauyin kan zobba biyu na gefen goshi da gajeriyar igiya, babbar ta kama tsakiyarta. Ƙara wata saku-saku saboda tsautsayi. Inda take gogar jirgi, zura ta cikin guntun tiyo.

Amsa ta 3: Cire inji da filafilan kwale-kwalen tukuna. Ruwa lita 100 a ciki kilo 100 ne, ka riƙa kwarfewa. A tsakiyar ruwa sake igiya sosai, dab da tasha kuwa taƙaita ta.