Time Capsule ɗina ya tsufa, Apple sun yi watsi da mu, in canza ko in ci gaba da lallaɓawa?

Maihoto Zoo Road:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina da ƙaramin sutudiyo muna ɗaukar biki da suna, kwamfuta uku ne duk Mac, kuma tun da na buɗe shago AirPort Time Capsule nake amfani da shi, dogon farin nan samfurin 2013 mai 3TB, shi ne rautarmu mai raba mana Wi-Fi shi ne kuma wurin bakof, wato inda muke ajiye kwafin aikinmu, da dare kowace kwamfuta tana zuba aikinta a ciki ba sai na taɓa komai ba. To shekaranjiya na ɗora macOS Tahoe a ɗaya daga cikinsu sai ga gargaɗi wai fitowa ta gaba ba za ta ƙara yarda a yi bakof na Time Machine, manhajar bakof ta Mac, a kan Time Capsule ba. Wlh raina ya ɓaci. Su da kansu suka daina ƙera shi a Afrilun 2018 ba su kawo madadinsa ba, yanzu kuma wanda ke hannunmu za su yanke masa hanya. Har yau lafiyarsa ƙalau, fankarsa kawai ke ɗan ƙara in zafi ya yi yawa. Abin da zan iya kashewa bai wuce dubu ɗari biyu ba. In sayi rauta daban da diski daban ne, ko in ƙi ɗora sabon macOS in ci gaba da shi? Aikin mutane ne a ciki, shi ne damuwata.

Abban Ilham:
Wa alaikumus salam. Ka koma Windows kawai Malam ka huta.

Maihoto Zoo Road:
Yaya ai ba maganar canza kwamfuta nake ba, guda uku fa, da wane kuɗin.

Injiniya Bala:
Ɗan uwa abu biyu ka haɗa. Na farko rauta, na biyu ma'ajiya. A ɓangaren rauta, afdet na ƙarshe da suka yi wa samfurinka shi ne 7.9.1 a 2019, ba shi da WPA3, sabon tsarin tsaron Wi-Fi, ba shi da Wi-Fi 6, kenan shekaru ke nan ba mai toshe masa ƙofa. A ɓangaren ma'ajiya, dalilin gargaɗin shi ne tsohuwar hanyar AFP da yake magana da ita suke cirewa, sun koma SMB na zamani, shi kuma bai iya ba. Amma abin da ya fi ba ni tsoro diskin cikinsa ne, mai juyawa ne kuma ya haura shekara goma yana juyi a zafin Kano. Yau ɗin nan ka sayi diski na USB ka kwashe komai, maganar rauta ta biyo baya.

Ɗan Farm Centre:
Oga ka zo shago in haɗa ka da rauta mai kyau dubu arba'in da biyar, diski 4TB dubu casa'in, har canji ka samu

Maman Amir:
Dubu casa'in 4TB? A ina? Ni watan jiya 2TB na saya wa ofishinmu a Abuja dubu ɗari da goma.

Ɗan Farm Centre:
Hajiya ai kuɗin Abuja har da kuɗin AC ake caje ku

Sadik Edita:
Dan Allah ku tsaya, wannan maganar diski mai arha ita ta kusa rufe min sana'a, bari in ba ku labari ko wani zai tsira. Bara da damina na sayi diski wai 4TB a wani shago, ba zan kama suna ba, a kwalinsa da ledarsa har da rasit, farashin ya yi sauƙi sosai amma mai shagon ya rantse min sabo ne kaya ne suka shigo da yawa. Na sa a kwamfuta ta nuna 4TB cif. Na kwashe bikin wata 'yar Alhaji na kwana huɗu, kamu da ɗaurin aure da dina da budar kai, na zuba a ciki na goge katinan kyamara saboda washegari ina da wani aikin. Bayan sati biyu na zo haɗa bidiyo, fayil ɗin suna nan da sunayensu da girmansu amma ko ɗaya ba ya buɗuwa, sai na ranar farko kaɗai. Na kai wa wani mai gyara ya ɓalle murfin a gabana, wallahi tallahi abin da ke ciki ɗan ƙaramin filashi ne an manna da gam, sai ƙarfe biyu da aka liƙa don ya yi nauyi a hannu. An yi masa dabara ne ya riƙa nuna 4TB, in ya cika sai duk abin da aka ƙara zubawa ya ɓace. Na koma shagon mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa kuma ai na buɗe kwali. Uwar amarya ta kira ni tana kuka, ta ce mahaifiyarta da ke cikin hotunan budar kai ta rasu bayan bikin da wata ɗaya, su ne hotunanta na ƙarshe. Na mayar da kuɗin aiki duka na ƙara da haƙuri, amma har yau in na ga lambarta gabana faɗuwa yake.

Maman Amir:
Innalillahi. Allah ya jiƙanta. Ka kai shi wajen shugabannin kasuwa kuwa?

Sadik Edita:
Na kai Hajiya, aka zauna sau biyu, aka ce ya ba ni rabin kuɗin diski. Rabin kuɗin diski zai dawo min da hoton tsohuwa?

Ɗan Farm Centre:
Allah ya kyauta amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, ni kayana da garanti nake bayarwa

Khalifa:
Ku duk tsohon yayi kuke. NAS ake yayi yanzu, akwatin ajiya da ake jonawa da rauta, ya sayi Synology mai diski biyu in ɗaya ya mutu ɗaya na nan, kuma Time Machine na aiki da shi ta SMB.

Injiniya Bala:
Ƙanina ka karanta kuɗin da ya ce yana da shi? Akwatin kaɗai babu diski ya cinye dubu ɗari biyun. Ka taɓa haɗa guda ɗaya da hannunka ko a YouTube ka gani?

Khalifa:
Yallaɓai girmanka ne amma shekaru ba su ne ilimi ba, na haɗa wa makarantarmu kuma yana aiki.

Injiniya Bala:
Da wace wutar? Wanda ba shi da inbata ka ce ya sa NAS, a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu sau goma a rana.

Malam Habu Kaduna:
Ni abin da ke min ciwo a maganar nan halin kamfanin ne, don ba yau suka fara ba. Mac mini suka bar shi tun Oktoban 2014 har Oktoban 2018 ba sabo, suna sayar da tsohon a kuɗinsa. Mac Pro na 2013 ya zauna har 2019, sai da manyansu suka tara 'yan jarida a Afrilun 2017 suka amsa cewa ƙirar ta kulle su ta fannin zafi. Allon Thunderbolt suka kashe shi a 2016. Su ne fa suka fito da AirPort a 1999 tare da iBook lokacin mutane ba su san Wi-Fi ba. Tun da kuɗin iPhone ya buɗe musu, mu masu aiki da kwamfuta muka zama 'yan bora. Yanzu ma sun ce Tahoe ne na ƙarshe ga Mac masu furosesan Intel, ka duba naka ukun Maihoto, in Intel ne ma sabon ba zai hau ba balle ya dame ka.

Abban Ilham:
Mac Pro ɗin nan mai kama da turmi? A ba Hajiya ta daka yaji a ciki

Maihoto Zoo Road:
Malam Habu biyu Intel ne ɗaya M1, furosesan Apple. Kenan biyun za su ci gaba da bakof a kansa, ɗayar ce matsala?

Maman Amir:
Ni dai da intanet na da arha da sai in ce ka riƙa turawa Google Drive ko iCloud ka huta da diski.

Sadik Edita:
Hajiya biki ɗaya fa yana kai 300GB. Tun da hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 data ta zama zinare, layin da nake amfani da shi in na sa na wata sati biyu ya ƙare, kuma turawa sama kamar tafiyar hawainiya, sai ka kwana fayil ɗaya bai wuce ba.

Khalifa:
Wane layi ne? Nawa ma haka, da yamma sabis ɗauke wa yake gaba ɗaya a unguwarmu

Ɗan Farm Centre:
Wai unlimited suke cewa, kana kai wani adadi su shaƙe maka gudu

Maihoto Zoo Road:
Jama'a maganar Intel ɗin fa, Injiniya kana nan?

Abban Ilham:
Ni nawa layin jiya ma dubu biyar na sa, ko awa shida ba a yi ba aka turo min saƙo wai saura 200MB, yara ko taɓa wayar ba su yi ba