Muhawara: Shin Kafafen Yaɗa Labarai Suna Yi wa Ƙauyukan Zamfara Adalci?

Malamin makaranta, Gusau:
Ni dai a ganina manyan jaridu da gidajen talabijin na Legas da Abuja ba su ɗauki ran mutumin ƙauye da daraja ba. Da aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, duniya ta ji, amma hare-haren da ake kai wa ƙauyukan Maru, Anka da Zurmi, da harajin da 'yan bindiga ke ƙaƙaba wa manoma kafin su bari a yi girbi, da wuya su samu ko layi biyu. Wannan shirun yana cikin abin da ya sa jama'a suka yanke ƙauna, suka rungumi 'yan sa-kai.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, Kaduna:
Malam, ban musa maka zafin abin ba, amma kada mu ɗora wa ɗan jarida laifin da ba nasa kaɗai ba. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar, ta kuma rufe kasuwannin mako-mako, ta yadda wakili ba ya iya aika rahoto sai ya fita daga jihar. Da gidan Trust TV ya yi ƙarfin hali ya shiga daji ya yi shiri a kan 'yan bindiga, hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci shi tarar naira miliyan 5 a watan Agustan 2022. Wane edita ne zai sake tura yaronsa cikin daji bayan wannan?

Ɗalibin jami'a, Sakkwato:
Hajiya, tsoron tara ba shi ne ke sa a rubuta "Fulani" a kanun labari duk lokacin da aka kai hari ba. Ni ɗan rugga ne. Kawuna ya je kasuwa sayar da ɗan maraƙi, wasu 'yan sa-kai suka tare shi a bakin kara, suka ɗaure shi da rawaninsa a gaban mutane, kuma har yau ba mu ga gawarsa ba. Babu jaridar da ta ambaci sunansa. Mu ma 'yan bindiga sun kore mana shanu, amma a labarai ba a san mu da komai ba sai ɓarna.

Malamin makaranta, Gusau:
Allah Ya jiƙansa, ɗana. Abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji ita ce ta hura wutar nan tun farko. Sai dai ka tambayi mutumin da aka ƙone masa rumbu, ya kira jami'an tsaro ba su iso ba sai washegari, wa zai dogara da shi? Shi ya sa na goyi bayan Askarawa, wato jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024, kamar yadda Dikko Raɗɗa ya yi a Katsina a watan Oktoban 2023, domin aƙalla an horar da su, kuma akwai hukumar da za a kai wa ƙara.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, Kaduna:
To a nan ne nake ganin son kan da ya fi damuna, Malam. Ranar ƙaddamarwa kowace kafa ta nuna sababbin motoci da babura da kaki, saboda gidan gwamnati ne ya gayyace su. Wa ya koma bayan wata shida ya ƙirga askarawan da aka kashe a bakin aiki, ya ji halin da matansu ke ciki, ko ya bibiyi koken makiyayan da suka ce an zalunce su? Yawancin gidajen rediyonmu na jihohi daga aljihun gwamna ake biyan ma'aikatansu, masu zaman kansu kuma da tallan gwamnati suke sayen man janareta.