Redis yana tsayawa cak duk lokacin da yake ajiya a faifai

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta, don Allah a taimaka mini.

Muna da ƙaramar manhaja ta masu shaguna a Aboabo, nan Kumasi, Redis (manhajar adana bayanai) ne ke riƙe da lissafin ciniki, sabar kuma tana ofishinmu. Aiki lafiya lau, amma da zarar ya fara BGSAVE (kwafe bayanansa zuwa faifai a bayan fage) ko sake rubuta fayil ɗin AOF (inda yake rubuta kowane canji), sai komai ya tsaya, mai shago na tsaye da kwastoma a gabansa yana jiran rasit. Log na ta cewa fsync, wato tabbatar da cewa rubutu ya sauka kan faifai, ya daɗe.

Na bar appendfsync a everysec (wato fsync kowace daƙiƙa), na kuma san in fsync ya wuce daƙiƙa 2, Redis zai yi rubutun duk da haka, rubutun kuma sai ya maƙale har fsync ya gama. Na kashe Transparent Huge Pages, vm.overcommit_memory yana 1, latest_fork_usec ba shi da yawa, don haka a ganina matsalar ba daga fork (kwafin kansa da Redis ke yi don ajiya) take ba. Shi kuwa iostat, mai auna aikin faifai, yana nuna faifan na aiki kusan 100%.

Wasu sun ce in kunna no-appendfsync-on-rewrite (a daina fsync yayin ajiya), amma da dumsor ɗin nan (yawan ɗauke wuta), in wuta ta ɗauke ana iya rasa har daƙiƙa 30 na cinikin mutane, ban yarda ba.

Ta yaya zan gane faifan ne ya gaza, ba wata manhaja ke danne shi ba? In na mayar da AOF kan SSD daban, zai isa? Allah ya saka da alheri.