Wai gyaran hanyar ƙauye haƙƙin waye?

Manomi_Talaka: Salam jama'a, dan Allah ina tambaya. Hanyar garinmu duk damina sai ta yanke, kwalbati ya rufta tun bara, motar ɗaukar hatsi ba ta shigowa sai dai ɗan acaɓa, shi ma kuɗin ya ninka tunda aka cire tallafin mai a 2023. Kansila ya ce ba kuɗi. Aikin ciyaman ne ko na gwamna?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. In ba titin tarayya ko na jiha bane to na ƙaramar hukuma ne, har tashar mota ma su tsarin mulki ya ɗora wa. Ƙananan hukumomi 774 kasonsu 20.6 cikin ɗari ne a asusun tarayya, matsalar ita ce ta asusun haɗin gwiwa da jiha kuɗin ke bi.

Direban Canter: To ba Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa tura musu kai tsaye ba? Mu dai kullum kuɗin tikiti muke biya a tasha, ko tifa ɗaya ta marmara ba mu gani ba wallahi.

Baban Ummi: Hukunci daban aiwatarwa daban malam. Ku rubuta takarda ta hannun dagaci kafin a haɗa kasafin baɗi, in ba ta shiga kasafi ba ko greda ba za a turo ba.