Ɗana yana JHS 3, waya ɗaya ce a gida: me ya kamata ya iya a intanet kafin BECE?

Mma Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana zai zauna BECE, jarrabawar kammala JHS (ƙaramar sakandare) a nan Ghana, bana in Allah ya yarda. Waya mai intanet ɗaya ce a gidan, tawa, kuma da ita nake karɓar kuɗin sana'a ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Malamansu sun ce kowa ya buɗe imel, ga shi ana turo musu aiki ta WhatsApp. Datan da na saya na mako ba ya kaiwa rabin mako. Don Allah masana, wanne ne dole a cikin abubuwan nan, wanne ne ɓata lokaci? Kuma in sakamako ya fito, yaya ake dubawa ba tare da an cuce mu ba?

Malamin Kwamfuta, Sawaba:

Wa alaikumus salam Mma, Allah ya ba shi sa'a. Ki fara da imel, domin shi ne zai bi yaron daga nan har jami'a. Fom ɗin jami'ar KNUST da na Legon duk a intanet ake cikewa, kuma ana neman imel da lambar waya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku zauna tare ku buɗe Gmail tun yanzu. Kyauta ne, kuma wanda ya kai shekara 13 zai iya mallakar nasa.

Sunan imel ɗin ya zama sunansa na gaskiya kamar yadda yake a rajistar makaranta. In wani ya riga shi, a ƙara lamba biyu ko uku a ƙarshe. Kada a sa laƙabin da abokai ke kiransa da shi a unguwa, saboda wata rana ofishin ɗaukar ɗalibai zai aika wa wasiƙa da shi. Kalmar sirri ta kai haruffa 12, a haɗa da lambobi, kada ta zama ranar haihuwarsa ko lambar wayarki. Ki rubuta ta a takarda ki ajiye inda kike ajiye takardar haihuwarsa.

Wurin da ake yawan yin kuskure shi ne lambar da Google ke nema don dawo da imel in an manta kalmar sirri. Ki sa lambarki, wadda ba za ki rabu da ita ba. Dalili kuwa, in ya samu makarantar kwana ba a barin ɗalibai su riƙe waya, kuma layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba kamfani na iya karɓe shi ya ba wani. Daga nan lambar tabbatarwa wayar baƙo za ta riƙa shiga, imel ɗin kuma ya tafi ke nan. Haka ma kada a sa lambar mai kafen intanet ko ta aboki don ana sauri.

Imel ɗin yana zuwa da ma'aji mai gigabait 15, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi. In kika bari Photos yana kwashe duk hotunan biki da suna da ke wayarki zuwa asusun yaron, zai cika, kuma da zarar ya cika sabon saƙo ba ya shigowa. Ki kashe wannan kwashewar. A cikin Drive ku buɗe jaka ɗaya ku sa hoton takardar haihuwa, hoton fasfo, lambar jarrabawarsa, daga baya kuma sakamako da takardar makarantar da aka tura shi. Ko waya ta faɗa ruwa, takardun suna nan. Fayil ɗin da ya wuce megabait 25 ba ya tafiya a maƙale da imel, sai a sa shi a Drive a tura mahaɗinsa.

Sai bincike. Yawancin yara suna rubuta tambaya su kwafi abin da ya fara fitowa. Ki ce ya riƙa ƙara kalmar Ghana in yana neman tsofaffin tambayoyin BECE, domin Najeriya ma tana da jarrabawa mai wannan suna, kuma manhajar karatunta daban. Ya kuma lura da shekara: daga 2024 aka fara yin BECE a kan sabuwar manhaja, saboda haka tambayoyin shekarun baya ba duka suka dace ba. Manhajar karatun kowane darasi tana shafin NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu, nacca.gov.gh, ana sauke ta kyauta. In ya ƙara filetype:pdf a ƙarshen abin da yake nema, takardu kawai za su fito, waɗanda zai sauke sau ɗaya ya yi ta karantawa ba data.

Yaya ɗalibar Tech (KNUST):

Mma, ina wuni. Ni kan data zan yi magana, don ba karatun ne ke cinye shi ba, bidiyo ne. Rubutu ba ya cin komai: takardar PDF mai shafi ashirin ba hotuna sau da yawa ba ta kai megabait ɗaya ba. Amma awa ɗaya na YouTube a 720p na iya cin gigabait ɗaya ko fiye, alhali a 360p kusan megabait 300 ne. Darasin lissafi da malami ke rubutu a allo yana fitowa sarai a 360p. Ya taɓa alamar saiti a kan bidiyon ya rage da hannunsa, domin in aka bar wa wayar zaɓi, da ta ga layi na da ƙarfi sai ta ɗaga.

A WhatsApp ki shiga Settings, sannan Storage and data, ki cire alamar da ke kan hotuna, sauti, bidiyo da takardu a ƙarƙashin saukewa ta data. In ba haka ba, duk bidiyon da aka jefa a guruf ɗin dangi da na masallaci da na 'yan kasuwa zai iya sauka ko ba ki buɗe ba. Status ma bidiyo ne, yana ci. A Play Store ki sa sabunta manhajoji sai da Wi-Fi kawai. Waɗannan ukun in kin gyara za ki ga bambanci a makon farko.

Wajen miƙa aiki kuma, hoton da aka tura kai tsaye WhatsApp yana matse shi, sai ƙananan rubutu su dushe, malami ya kasa karantawa. Ya shimfiɗa littafin a ƙasa kusa da ƙofa inda haske yake, ya riƙe wayar daidai saman shafin kada inuwar hannunsa ta faɗa kai, ya yi amfani da sikan ɗin da ke cikin Drive. Zai haɗa shafukan su zama PDF ɗaya. Ya sa wa fayil ɗin sunansa da darasi, ya tura a matsayin takarda.

Khan Academy kyauta ne kuma yana da kyau ga lissafi da kimiyya. Hukumar ɗakunan karatu ta Ghana tana da manhajar littattafai ta waya, ga kuma ɗakin karatun Ashanti a Cultural Centre da ke Kumasi ga mai son zama shiru. Manhajojin nan masu amsa tambaya kuwa, ya yi hattara: sukan ba da amsar da ba daidai ba cikin kyakkyawan Turanci, yaro ya ɗauka gaskiya ce. Ya nemi bayani a wurinsu in ya so, amma ya gwada da littafin aji. A zauren jarrabawa shi kaɗai zai zauna.

Mma Aboabo:

Allah ya saka da alheri, Malam da 'yata. Abin da ya rage mini shi ne MoMo ɗin da ke wayar, da maganar duba sakamako.

Mai Kafe, Asawase:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Duba sakamako ba wuya, gaggawa ce ke ɓata shi. Za ki sayi katin duba sakamako na WAEC, hukumar shirya jarrabawar, yana ɗauke da lambar siriyal da PIN. A shafin WAEC na Ghana za a sa lambar jarrabawar yaro mai lambobi 10, a zaɓi irin jarrabawar da shekararta, sannan siriyal da PIN. Kurakuran da aka fi yi: a zaɓi BECE ta masu zaman kansu alhali yaron ta makaranta ya zauna, ko a sa shekarar da ba ita ba, ko a juya lambobi biyu. Katin yana da iyakar sau nawa za a yi amfani da shi, kuma in ya buɗe sakamakon wani ɗalibi ya maƙale da shi ke nan. Don haka mutum ɗaya ya karanta lambar daga takarda, ɗaya ya duba allo, kafin a danna. Ranar da sakamako ya fito shafin yakan yi nauyi saboda cunkoso. Kada a yi ta dannawa, a jira dare ko bayan asuba. Da ya buɗe, a ajiye shi PDF a buga kwafi biyu.

Tura ɗalibai SHS, wato babbar sakandare, kuma tsarin CSSPS ne, shafinsa cssps.gov.gh. A can ana rubuta lambar jarrabawa a liƙa mata lambobi biyu na ƙarshen shekarar, ta zama 12. Wanda ya manta waɗannan biyun sai ya ga kamar ba sunan ɗansa, hankali ya tashi a banza. In yaro ya cancanta amma bai samu ko ɗaya cikin zaɓinsa ba, akwai wurin da zai zaɓi makaranta da kansa daga waɗanda ke da sauran gurbi. A yi wannan da wuri, guraben ba sa jira.

Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya gyara maki, ko ya canza wa yaro makaranta zuwa wata babba, ɓarawo ne. Haka masu sayar da apo, wato satar tambayoyin jarrabawa, a WhatsApp da Telegram kafin jarrabawa. Kuɗin ya tafi, kuma yaron da aka kama da waya a zaure WAEC na soke sakamakonsa gaba ɗaya. Ki faɗa masa wannan da bakinki, ya ji daga gare ki.

MoMo kuwa, PIN ɗinki naki ne ke kaɗai, ko ɗanki kada ya sani. Ba rashin yarda ba ne. Masu damfara sun san yara ke riƙe wayoyin iyaye da yamma, sai su kira su ce an turo kuɗi bisa kuskure, ko su sa saƙon neman amincewa ya faɗo a allo su ce a danna. Yaron da bai san PIN ba, ba abin da za a iya cira ta hannunsa. In an ce an turo miki kuɗi, kada ki gaskata saƙon, ki buga *170# in MTN ce ki duba abin da ke ciki da idonki.

In ya shiga imel a kwamfutar kafe, kada ya yarda ta adana kalmar sirri, kuma ya fita daga asusun kafin ya tashi. Rufe shafin kawai bai isa ba, wanda ya zauna bayansa zai tarar da shi a buɗe. Ya goge takardun da ya sauke a kwamfutar ma.

Malamin Kwamfuta, Sawaba:

Alhaji ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya, tunda aikin makaranta ta WhatsApp ɗinki yake zuwa. Akwai masu kira su ce daga guruf ɗin aji suke, za a yi darasi ta Zoom, an turo wata lamba mai lambobi shida a karanto musu don a sa sunan yaro. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinki. Da an karanta musu sun ɗauke asusun, su fara roƙon kuɗi a wurin 'yan'uwa da abokan cinikinki da sunanki. Babu darasin Zoom da ke buƙatar lambar da ta shigo wayarki ta saƙo.

Yau ɗin nan ki shiga Settings, sannan Account, ki kunna Two-step verification, ki sa PIN mai lambobi 6 wanda ya bambanta da na MoMo, ki haɗa da imel. In har an riga an ɗauke asusun, ki sake shigar da lambarki a WhatsApp, sabuwar lamba mai lambobi shida za ta zo miki ta saƙo, da kin sa ta za a fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa PIN, za ki jira kwana 7 kafin ki shiga. A tsakanin nan ki kira mutanenki ki gargaɗe su kada su tura ko sisi, sannan ki kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta Ghana a lamba 292.