Yayata ta dawo da zobe a tumbi, abinci yana maƙale mata a ƙirji

Ummin Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yayata ce aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Masar, irin wadda ake ɗaura zobe a saman tumbi. Yau mako biyar ke nan, ta dawo Kano. Raunukan sun warke, amma tun da ta fara cin abinci mai ƙarfi, da ta yi loma uku ko huɗu sai ta ce ya tsaya mata a ƙirji, yawu mai yauƙi ya cika mata baki, wani lokaci abin ya dawo. Da safe abin ya fi tsanani. Mutanen gida sun ce ai haka aikin yake, aman ne zai ramar da ita. An kuma ce lokacin ƙara wa zoben ruwa ya yi. Haka abin yake da gaske? Me ya kamata ta riƙa ci? Kuma kowane asibiti zai iya ƙara ruwan?

Malam Na'ibi:

Wa'alaikumus salam Ummin Sadiq, Allah ya ba Yaya lafiya. Ki fara gyara wa mutanen gida wannan fahimtar: amai ba aikin zoben ba ne, alama ce ta cewa akwai abin da ba daidai ba, kuma shi ne babban abin da ke lalata aikin.

Zoben na silikon ne, a cikinsa akwai 'yar balan-balan da ake ƙara wa ruwa don zoben ya matse, ko a rage don ya sassauta. Ana ɗaura shi a wuyan tumbi, dab da inda bututun abinci ya sauko, sai a bar 'yar jaka a sama wadda ba ta wuce cin babban cokali ɗaya zuwa biyu ba, wato mililita 15 zuwa 30. Likita yana naɗo fatar tumbin a kan zoben ya ɗinke don ya zauna. Wannan ɗinkin yana buƙatar kusan mako shida kafin nama ya kama. Duk yunƙurin amai yana fizgar tumbin sama ta cikin zoben, to kin ga mako biyar lokaci ne da bai kamata a yi wasa da shi ba.

Tsarin da aka fi bi shi ne mako biyu na ruwa-ruwa zalla, mako biyu na abin da aka markaɗe ya yi laushi kamar na yaye, sannan mako na biyar da na shida abinci mai taushi wanda cokali mai yatsu zai iya murƙushewa. Asibitoci suna ɗan bambanta, don haka takardar da aka ba ta ita ce gaba. Tunda yana maƙalewa, ta koma mataki ɗaya baya: kwana ɗaya ko biyu a kan ruwa-ruwa don kumburin wurin ya saɓe, sannan ta hau markaɗaɗɗe.

Sai yadda ake cin. Loma kada ta wuce rabin ƙaramin cokali. A tauna aƙalla sau ashirin har ya zama kamar kunu a baki. A haɗiye, a ajiye cokali, a jira minti guda cur kafin loma ta gaba, domin bututun abinci sai ya matsa sau da yawa kafin ya tura loma ɗaya ta wuce zoben. Idan ta biyu ta sauko ta tarar da ta farko ba ta wuce ba, nan ne cunkoso yake faruwa, jiki kuma ya yi ta kwararo yawu don ya santsar da hanyar. Yauƙin da take gani ke nan. Abincin duka rabin kofi ne a ƙaramin faranti, bayan minti ashirin a tashi ko da saura.

Abincinmu na gida yana da tarko a nan. Mun saba a gutsuri tuwo, a dangwali miya, a haɗiye ba tauna. Wannan ɗabi'ar dole ta mutu. Tuwon shinkafa, sakwara, teba, sabon biredi, gurasa da taliya suna dunƙulewa su toshe hanya kamar an cusa tsumma. Kilishi, tsire, balangu da dambun nama sun bushe kuma suna da zare. Haka kwaɗon zogale da rama, mangwaro mai zare, da farar fatar cikin lemo. Abin da zai karɓe ta yanzu: ƙwai da aka dama ya nuna da taushi, kifi a romo an cire ƙaya, alale, faten wake da ya narke, awara da aka dafa a miya maimakon suya, kindirmo marar sukari, da naman kaza da aka dafa ya yi luguf. Ta fara da mai gina jiki kullum, domin ana son gram 60 zuwa 80 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa gram 6 kawai yake bayarwa.

Idan ya maƙale, ta miƙe ta ɗan zagaya. Kada a ba ta ruwa ta kora, ruwan zai tsaya a kai ne ya dawo da ƙarfi. Kada ta sa yatsa.

Hajiya Mai Jinya:

Malam ya gama da batun ci, ni kan ƙarin ruwan zan tsaya, don a nan ne waɗanda suka yi aikin a waje suke shan wahala.

Kada a ƙara mata ko ɗigo alhali abinci yana maƙalewa. Ana yin ƙarin farko ne tsakanin mako huɗu zuwa shida, amma ga wanda yake cin abinci lafiya kuma yunwa ta fara dawo masa. Wadda ba ta iya wuce loma huɗu ba ta buƙatar a ƙara matse ta. Wasu likitocin ma suna barin ɗan ruwa a zoben tun ranar aiki, don haka a duba takardarta, ta yiwu ragewa za a yi.

Daga zoben akwai siririn bututu da ya zo ya haɗu da wata 'yar mashigar allura mai faɗin kwabo, an ɗinke ta a jikin naman bangon ciki ƙarƙashin fata. Idan kika taɓa kusa da tabon da ya fi girma za ki ji ta. Ana kwantar da mutum, a ce ya ɗan ɗago kai ko ƙafafu don ta turo, a goge wurin, a soka allura. Ba kowace allura ba, sai allurar Huber, wadda bakinta yake a lanƙwashe yana raba robar mashigar maimakon ya ɓantare ta. Allurar da ake yi wa mai zazzaɓi tana yanko ɗan guntu duk sokawa, bayan 'yan lokuta mashigar ta fara yoyo, gyaranta kuma sai an sake tiyata. Saboda haka amsar tambayarki ita ce a'a: ba aikin kemis ba ne, ba kuma na duk wanda ya iya allura ba. Ku nemi likitan tiyata da ya san aikin ƙiba, ku fara tambaya a asibitin koyarwa, ku kuma tambaya tun kafin ku je ko suna da allurar.

Ku san samfurin zoben. Lap-Band na zamani iri biyu ne, mai cin mililita 10 da mai cin 14. Bayan ƙarin farko, sauran kaɗan-kaɗan ake yi, rabin mililita zuwa ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka, a bar mako huɗu zuwa shida tsakani. Kada ta bar asibitin sai ta sha kofin ruwa a gabansu ya wuce lafiya, sannan kwana ɗaya ko biyu a ruwa-ruwa. Ku sayi ɗan littafi ku riƙa rubuta kwanan wata, nawa aka ƙara, nawa ne jimilla. Ranar da aka zuƙo aka ga ruwan bai kai abin da ke rubuce ba, an gano yoyo ke nan.

Likitocin Melbon a Ostareliya, su Farfesa Paul O'Brien, sun kwatanta abin da fitilar kan titi. Rawaya: yunwa da wuri, cin da yawa, a ƙara. Kore: ɗan abinci ya ƙosar na sa'o'i, nauyi yana sauka rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, a bar shi haka. Ja: ƙwarnafi, amai, tarin dare, a rage. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane suke son zama a ja suna ganin zai fi ramarwa. Ba ya ramarwa. Mai matsattsen zobe yana gudun nama da wake ya koma fura da nono, kunun gyaɗa, shayi mai kauri, askirim da zoɓo mai sukari, duk suna wucewa sumul, ƙiba tana nan, ga bututun abinci yana buɗewa a banza.

Matsewar safe kuwa sananniya ce. Haka lokacin al'ada, da mura, da ƙarancin ruwa a jiki. Ta fara da ruwan ɗumi, ta bar abinci mai ƙarfi sai hantsi.

Ummin Sadiq:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka. Na duba takardar, an bar mililita 3 a ciki. To yaushe za mu san abin ya wuce na gida? Ga azumi kuma yana matsowa, ta ce ba za ta sha ba. Tana shan maganin suga da na ciwon gwiwa.

Abu Hanan:

'Yar'uwa, waɗannan ba a kwana da su a gida: ta kasa haɗiye ruwa ko yawunta, amai ya ƙi tsayawa, ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙirji, aman jini ko baƙin bayan gida, zazzaɓi da bugun zuciya da sauri, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya. Biyun ƙarshe gudan jini ake tsoro, kuma haɗarinsa yana nan a makonnin farko, musamman bayan doguwar tafiya a jirgi. Na farkon kuwa zamewar zobe ake tsoro: tumbi ya kutso sama ta cikinsa ya shaƙe, idan aka daɗe jini ya daina kai wa wurin. Matakin farko a zuƙe ruwan zoben duka, sannan hoto. Ku faɗa wa likitan gaggawa tun daga bakin ƙofa cewa akwai zobe, ku nuna masa inda mashigar take. Idan aman ya ɗauki kwanaki, ku tuna musu da bitamin B1 kafin a ɗaura ruwa mai sukari. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta 'yan makonni, ƙarewarsa kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa da idanu da tafiya.

Akwai masu zuwa a hankali, bayan watanni ko shekaru. Ta farka da dare tana tari, ruwa mai tsami ya hau mata har hanci: zoben ya matse ko jakar ta buɗe. Wurin mashigar ya yi ja yana ruwa, ko ta ji rana ɗaya tana iya cin komai: ko yoyo, ko zoben ya ci bangon tumbi ya shiga ciki, wanda sai an zura na'urar leƙe ta baki a tabbatar, maganinsa kuma cirewa. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo yana nuna tsakuwar matsarmama, wadda saurin rama ke jawowa.

Maganin gwiwa, idan dangin ibuprofen ne ko diclofenac, ta dakata har ta ga likita, suna cin tumbi. Paracetamol ya fi aminci. Manyan ƙwayoyi suna maƙalewa, a tambayi mai haɗa magani wanne ake iya rabawa ko niƙawa, don masu narkewa a hankali ba a niƙa su. Maganin suga ya fi gaggawa. Abincinta ya ragu sosai, idan tana kan insulin ko irin su glibenclamide da adadin da, suga zai iya faɗuwa. A auna kullum, a kai wa likita lambobin a makon nan.

Azumi kuwa, likitocin wannan fanni suna hana shi a watannin farko, wasu har shekara. Tana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwa a rana, kurɓi-kurɓi, ba za ta iya ɗura shi tsakanin magariba da asuba ba, ga zafin Kano. Bushewar jiki tana ƙara matse zoben, mai buɗa baki da yunwa kuma ba ya jiran minti guda tsakanin loma. Ga suga a kai. Rangwamen marar lafiya yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Ta ji daga likita, ta ji daga malami, ta rama daga baya. Idan kuma tana cikin shekarun haihuwa, ana son a jinkirta ciki wata 12 zuwa 18.

Hajiya Mai Jinya:

Ƙari kaɗan a kan na Abu Hanan. Da mililita 3 a ciki ga kuma maƙalewa, idan ta gyara lomarta ta koma mai laushi na 'yan kwanaki abin bai canja ba, a rage ruwan a ɗauki hoton haɗiya, wanda ake shan farin ruwan bariyom ana kallon yadda yake wucewa.

Ku kuma shirya wa doguwar tafiya. An fara ɗaura zoben Lap-Band ta 'yan hujin da ake yi a ciki maimakon tsagawa ne a Beljiyam a 1993, a hannun Dakta Mitiku Belachew ɗan asalin Habasha, Amurka ta amince da shi a 2001. A 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na tiyatar ƙiba a Amurka zobe ne, zuwa 2019 ya koma wajen ɗaya cikin ɗari, saboda yawan waɗanda ake sake yi wa aiki don gyara ko cirewa. Ba don in tsorata ku na faɗa ba. Binciken Melbon da aka buga a 2013 ya nuna waɗanda aka bi har shekara 15 sun riƙe ragin kusan rabin ƙibar da ta yi musu yawa, amma can marar lafiya yana komawa asibiti a kai a kai. Ma'anar raguwar aikin zobe a gare ku ita ce masu hannu a aikin suna raguwa, don haka ku sami likita ɗaya a kusa tun yanzu, ku kai masa rahoton tiyatar, sunan zoben da girmansa, da lambar wayar asibitin Masar ɗin. Ta riƙa shan bitamin mai haɗe-haɗe kullum, a duba jini da ƙarfe da B12 da bitamin D aƙalla sau ɗaya a shekara. Lemon kwalba ta haƙura da shi, ruwa kuma ta bar kamar rabin awa tsakaninsa da abinci. Ɗaukar jarka ko buhu sai mako shida sun cika, amma tafiyar ƙafa ta fara yau, ko minti goma ne bayan la'asar.